Sulen da Bai Taɓa Zuwa Kasuwa Ba

Baba Mato ya bar mana buhun gyaɗa biyu,
da keke marar sarƙa,
da sule ɗaya a ɗan akwati mai ƙaramiski a ciki.
Shekara talatin yana ɗaga wa jirgi tuta a Gagarawa,
ran sallama aka damƙa masa shi.

Sulen nan bai taɓa sayen ƙosai ba.
Bai kwana a lalitar kowa ba,
ba a manna shi a goshin makaɗi ba.
Sau biyu aka buga shi, in ji Baba, don ido kawai.
Filinsa sumul kamar rijiya kafin a jefa guga,
kwakwar da ke tsakiya kuwa fari-fari,
sai ka ce an barbaɗa mata garin gero.

Bana rufin ɗaki ya zauna,
aka ce wani Ɗanbaffa a Kurmi yana sayen irinsa.
Ya ce a turo hoto.

Sagiru ɗan yayata ya goge waya da gefen riga.
A zaure ya fara ɗauka,
sule ya fito baƙi ƙirin kamar daga marina.
Muka fita tsakar gida,
rana ta faɗa ciki ta cinye rubutun duka.
Muka koma gindin darbejiya.
Nan ga ganye, ga reshe,
ga bayan waya da idanunta uku,
ga hancin Sagiru ya cika rabin sulen.
Abin da aka yi shi madubi,
ka ce ya nuna kansa, sai ya nuna ka.

Ɗanbaffa ya turo murya:
"Wancan ɗigon na gefe, tsatsa ce?"
Zabuwa ce, Alhaji, tana bin katanga.
"Layin da ya ratsa ta sama fa?"
Igiyar shanya ce.
Ya yi dariya har da tari,
ya ce shi ya gaji da cinikin biri a sama.
Jiya ma, in ji shi, hoto ya sayar masa da gogaggen kwabo
wanda ya sha toka da lemun tsami,
ya zo hannu fuskarsa duk kaushi.
Sai ya yanka kuɗi biyu:
in lafiyayye ne, kuɗin kwano da kafinta,
in an taɓa shafa shi, kuɗin ƙusa.

Hoto goma sha ɗaya muka tura.
Ya ga aibi bakwai da babu su.
Wanda yake akwai, ko ɗaya bai nuna ba.

Ni na san inda yake.
Ina shekara tara na buɗe akwatin a ɓoye,
na huci sulen, na murza da bakin zane
don in ƙara masa kyau.
Sai ka kashe kowace fitila ka bar aci-balbal,
ka karkata shi kaɗan, kaɗan,
sannan zanen zai tashi,
siriri kamar sawun tururuwa a kan rairayi,
daga gindin kwakwa zuwa baki.

Baba ya gani.
Na ga ranar da ya karkata shi a bakin taga,
ya daɗe, ya rufe, ya ce in miƙo buta.
Har ya koma ga Allah bai ɗaga zancen ba.

Sagiru ya ce, "Inna Tsahare, mu yi shiru mana,
ai shi ya ce hoto."
Na karɓi wayar, na danne da babban yatsa:
Alhaji, motar Gumel tana wucewa ta nan ran Talata.
Ka taho da idonka,
ka bari sai bayan magariba.
Mai zan zuba wa fitila,
akwai abin da zan nuna maka da hannuna.